Sunan da Na Kira a Doha

Tun da na dawo daga Katar matan ajinmu na yaƙi da jahilci suka hana ni sakat. In na shiga aji, "Kulu, yaya Doha?" In na je bakin ruwa sayen kifi, "Kulu, wai da gaske da zinari suke daɓe?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba labari sai ta kai gaba ta ƙara masa gishiri. Malama ta ce tunda yanzu hannuna ya faɗa, in rubuta kowa ta karanta. To ga shi. Wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta, ni sai da na yi jikoki na fara riƙe fensir.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni mutuniyar Yawuri ce, jinin Sarkawa, sana'ata bandar kifi. Maigidana ya rasu. 'Ya'yana biyu suna Doha. Akwai Rabi, autata, da ta bi mijinta Nura can wajen karatunsa, ita ce ta haihu. Akwai kuma yayanta, ɗana na fari, da ya tafi aikin gadi shekarun baya bai ƙara zuwa gida ba. Kun san ba zan rubuta sunansa ba. Bakin nan nawa bai ji tsoron ɗan kamasho ba, bai ji tsoron soja a hanyar Anaca ba, amma sunan ɗan fari bai taɓa fita daga cikinsa ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Goggonsa ce ta goya shi. In zan aike shi sai in ce "kai," in zan yi maganarsa sai in ce "yayan Rabi."

A baki, jegon Rabi ne ya kai ni. A zuci kuwa shi nake son gani. Ban gaya wa kowa ba, ai da kunya.

Hanyar Yawuri zuwa Abuja kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Mota ta jijjige mu har buhun daddawata ya kwance a Kwantagora, wani ɗan birni da ke kusa da ni ya dinga toshe hanci. Na ce masa, "Da ita aka raine ka, sauke hannunka."

A jirgi na zauna kusa da wani direba ɗan Gusau da ke komawa daga hutu. Akwai ɗan gilashi a bayan kujerar gabana mai nuna inda jirgi yake. Na daɗe ina kallo, sai na ga jirginmu ya bar miƙaƙƙiyar hanya yana zagaye kamar mai gudun gidan da ake makoki.

"Ɗana, matuƙin nan ya san hanya kuwa?"

Ya yi dariya. "Ya sani, Inna. Maƙwabta ne suka hana a bi ta samansu. Suna rigima da juna."

"Sama? Sama ma an raba ta?"

"An raba sama, an rufe hanyar mota, ruwa ma kowa ya ja layinsa."

Na yi tsaki na gyara zama. Ban san wannan layi na ruwa ni yake jira ba.

Da muka sauka aka jera mu. Na gyara gyale na shirya hannuna, don na yi shekaru ina koyon sa hannu saboda kada in ƙara dangwala yatsa a gaban kowa. Ina isa gaban ma'aikacin sai ya nuna mini wani gilashi ya ce in dangwala. Ƙasar masu kuɗi guda, a ce har yau dangwale ake yi! Na ce masa na iya rubutu, bai ji Hausa ba. Na dangwala ina harararsa. A wajen kaya kuma suka tsaya kan kanwar da na kawo ta kunun mai jego, suna jujjuya ta, suna kiran juna. Na gutsura na lasa a gabansu. Wani ya gwada shi ma, ya yamutsa fuska, ya ce, "Yalla, yalla," wato in kwashe in wuce.

Nura kaɗai na gani a waje. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe kamar yadda ake yi da suruki, amma idona yana bayansa yana nema. Ban tambaya ba. Shi da kansa ya ce, "Inna, Yaya yana wajen tsaro, sun tura shi kan ruwa. Zai zo." Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Gidansu yana wata unguwa Abu Hamur, a sama, hawa kan hawa, ba tsakar gida, ba murhu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce barka. Na samu Rabi tana wanka da ruwan famfo mai ɗumi-ɗumi wai shi ne wankan jego. Na ce ba a gabana ba. Washegari na sauka, na ga darbejiya a bakin titi, na kama reshe na fara karya. Nura ya biyo ni da gudu yana haɗa ni da Allah, wai akwai na'urar ɗaukar hoto a kan kowane ƙarfe, kuma itacen na hukuma ne. Na ce, "Su ɗauka da kyau, su ga fuskata." Na haura da ganyena. Da na kunna turaren wuta kuma sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, mutanen bene suka fito. Tun daga nan na san garin nan ba ya son hayaƙi, ni kuwa da hayaƙi na ci na sha.

Abincinsu shinkafa ce da nama, ga kayan ƙamshi, ga mai, amma ba yaji, ba daddawa. Ka ci ka ƙoshi, cikinka yana tambayarka yaushe za a kawo abinci. Da Nura ya kai ni babbar kasuwar kayan miya ya nuna mini albasa ya ce daga Indiya take, nono daga wata ƙasa mai nisa. Da can, in ji shi, mota ce ke shigo da su daga maƙwabta kafin rana ta yi zafi. Da aka rufe hanya sai jirgin ruwa, shi ma sai ya yi zagaye. Har shanu aka ce an ɗauko a jirgin sama. Na ce to, ni da saniya yanzu ba mai yi wa wani gori.

Wajen kifi na fi daɗewa. Na ɗaga kunnen wani na duba, na shinshina. Mai kifin ya ga na san abin, ya yi wa Nura bayani da Turanci. Wai kifi ya yi tsada don masunta sun daina nisa, jiragen soja suna sintiri, wanda ya ƙetare layi a kama shi. Na lura Nura ya gajarta fassarar, ya ja ni muka bar wurin.

Kwanaki suna tafiya, yayan Rabi bai zo ba, bai kira ba. In na ji an taɓa ƙofa sai in miƙe, in ga mai kawo ruwa ne. Na ware masa banda mafi kyau, giwan ruwa, na ɓoye a ƙasan jaka. Kullum Rabi ta ce, "Kan ruwa ba sabis, Inna." Tana faɗa tana gyara wa jariri hula.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na ce wa Nura ya kai ni ɗakin da yaron yake kwana. Ya fara kame-kame. Na ɗauki gyale na ce in bai kai ni ba zan fita in yi ta tambaya har in samu mai jin Hausa.

Unguwar sunanta Farij Abdul'aziz, tsofaffin gidaje ne da ƙananan shaguna. Ɗaki ɗaya, gadaje wani kan wani, maza cike, duk 'yan gida, masu gadi da direbobi. Suka miƙe suna rige-rigen gaisuwa. Babbansu Garba, direba ɗan Zariya, ya shimfiɗa mini darduma. Ban tambayi gadonsa ba, na gane shi da kaina. Akwai koma, ragar kamun kifi, rabin saƙi rataye a jikin ƙarfen gadon, ƙullin irin na ubansa. A ƙasar da ba kogi, yaron nan yana zaune yana saƙa koma.

"Ina mai gadon nan?"

Garba ya ce, "Hajiya, ai yana tsaro a kan ruwa. Aikin ne ya yi yawa."

Akwai wani dattijo a lungu yana yanka albasa, Baba Saidu, mutumin zangon Kumasi. Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Mma, ka zo daga nesa, ba za a yi maka ƙarya ba."

Na ce, "Ni ce 'ka'? Dube ni da kyau, tsoho."

"Ka yi haƙuri, haka bakinmu yake. Amma yaran nan wasali ɗaya suke juya maka. Ba tsaro yake ba. Tsare yake."

Ni da na yi wata guda a aji ina fama da bambancin o da e, ga shi an ci ni da su.

Garba ya sunkuyar da kai ya ba ni labari. Gadi aka ɗauke shi a tashar jiragen kamun kifi. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya gan shi wata rana yana gyara wa masunta raga, ya gane ɗan ruwa ne, ya mayar da shi cikin jirgi. Yaron har rawa ya yi don murna. Wata fita suka bi kifi, kifi ya bi inda ya ga dama, sai ga jirgin sojan ƙasar da ke hayi. Suka ce an shiga ruwansu. Waɗannan suka ce ruwan nasu ne tun kakanni. Aka ja jirgi da mutanensa. Su can ma, in ji Garba, akwai nasu masuntan da ake riƙe da su a nan. Kowa yana jira ɗaya ya fara saki.

Na juya kan Nura. Ranar na ajiye kunyar suruki. "Kai da karatunka, abin da ka koyo ke nan? Ka sa ni ina kwana ina sauraron ƙofa?"

"Inna, hawan jininki muka ji."

"Jinin nawa ne ko naka?"

A Yawuri ma ana rikicin ruwa. In ƙauye biyu suka yi jayayya kan gurbi, Sarkin Ruwa ya tara su a kan yashi, a yi ta hayaniya, kafin la'asar an raba, a ci tuwo. Maigidana ma ya taɓa rasa raga a hannun jandarmomi can tafkin Cadi, ya dawo da ƙafarsa yana zagi. Amma ban taɓa jin inda masu harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, masu auren juna, za su jera jiragen yaƙi saboda layin da ba wanda ya taɓa gani ba. Na sa Nura ya kai ni bakin tekun. Na duba iya ganina. Ruwa ne kawai, sai wani abu toka-toka can nesa da ya ce mini jirgin soja ne. Ya nuna mini wajen da ƙasar hayin take. Kusa ce, wallahi. Da kwalekwalen ubansa yana nan da na gwada.

Na ce a kai ni wajen kafil ɗin. Garba ya ce ba a zuwa haka kawai, na ce ni haka kawai nake zuwa. Ya ɗauke mu a motarsa, ni da Rabi da Nura, zuwa wata gona a Ummu Salal, bayan gari. Ba mu samu maigidan ba, aka shigar da mu wajen mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, da wani abu kamar ƙarfe mai sheƙi a fuskarta ya rufe hanci da gira. Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara, har cikina ya fara ɗaci. Ashe sai ka girgiza kofin ake dainawa. Ba wanda ya gaya mini.

Tsohuwar ta dafa ƙirji ta ce, "Ummu Rashid." Ta nuna ni ta ce, "Ummu?"

Rabi da ta tsinci Larabci ta ce, "Inna, su a nan da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Tana tambaya ke uwar wa ce."

Ku ji fa. Abin da muke ɓoyewa shi suke ɗaurawa a goshi. Mace ta zauna a kira ta da sunan ɗanta na fari tun safe har dare, ta amsa, ba ta nutse ba. Na ce, "Gaya mata Ummu Rabi." Rabi ta yi mata bayanin al'adarmu. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce to don me muka haife su? Na ce a gaya mata mu a ciki muke riƙe su, ba a baki ba. Da aka fassara sai ta daina dariya.

Ta ce ɗanta yana ta faɗi-tashi kan jirgin, abin ya fi ƙarfinsa, magana ce ta manya. Sannan ta ce ita ma 'yarta tana aure a can hayin. Da can in an yi biki da safe suke tafiya su dawo da yamma. Yanzu ta yi jika har ya fara tafiya ba ta taɓa ɗaukarsa ba, sai a waya. Ta cire abin fuskarta ta share ido. Fuskarta irin ta kowace tsohuwa ce. Ba mai jin harshen wata, na riƙe hannunta. Kafin mu tashi ta ce mijin 'yarta ya san wani a inda ake tsare da su. Ba ta yi alkawarin saki ba. Ta ce wataƙila mu ji muryarsa a waya.

Ranar da aka sa, lokacin komawata ya matso, takardar zamana ta kusa cika. Muka koma gonar da hantsi. Aka ajiye waya a tsakiyar darduma, aka buɗe murya kowa yana ji. Sai ga wani namiji yana Larabci da sauri, bayansa hayaniyar maza da yawa.

Rabi ta saurara ta ce, "Inna, ya ce ba a yarda ba, don an ce masa uwa ce ta zo daga nesa ya sa zai yi. Mutanen suna da yawa a fili. Zai ɗaga wayar, uwar ta kira ɗanta da kanta."

Nura ya matso ya faɗi sunan. Mutumin ya katse shi da faɗa.

"Ya ce ba namiji ba. Uwar. In ba uwa, khalas, shi ke nan, zai kashe wayar."

Na dubi wayar. Na ce, "Kai! Kai yayan Rabi!" Hayaniya kawai.

"Inna, ki faɗa."

"Ke, rufe mini baki."

"Inna, zai kashe. Don Allah."

Ga surukina a zaune, ga Garba a bakin ƙofa, ga baƙuwar tsohuwa. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen raga. Tsohuwar ta kama gwiwata ta girgiza, ta ce, "Yalla, ya ummu." Na rufe ido na kira. Muryar da nake kiran kwalekwale da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan, da ita na kira. Ban san haka sunan yake da daɗi a baki ba. Ni na zaɓa masa shi ta bakin goggonsa, ban taɓa ɗanɗana shi ba.

Hayaniyar ta ragu. Aka ji takun gudu, aka ji numfashi.

"Na'am? Wace ce?"

Bai gane ni ba. Ina zai gane? Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba.

"Uwarka ce, ɗan nema. Wa ya aike ka ruwan mutane?"

Sai na ji ƙaton namiji yana shessheƙa. "Inna? Inna, ke ce a Doha?"

"Ni ce. Suna ba ka abinci?"

"Suna ba mu. Ba a dukanmu, zama ne kawai. Inna, kin ga jaririn? Wa ya ɗauko?"

"Ubanka ya ɗauko, har goshin. Na ga komarka, ƙullin gefen ya yi sako-sako."

Ya yi dariya cikin kuka. Balaraben ya fara magana a bayansa. Sai ya ce da sauri, "Inna, sake faɗa."

"In sake faɗin me?"

"Sunan. Sau ɗaya."

Na buɗe ido, duk sun sunkuyar da kai, har Garba ya juya baya. Na ce, "In kana son ka sake ji, ka dawo gida ka ji."

Ban sani ba ko ya ji ƙarshen maganar. Wayar ta mutu.

Haka na baro Doha ban sa shi a ido ba. Masu tambayata dogayen gidaje, akwai su, na gani ta gilashin mota. Masu tambayar zinari, ban duba ba. Har yau da nake rubutun nan yana can hayin. Nura yana kira ya ce manya suna magana, an ce an kusa, ni kuwa na ce masa ya faɗi wasalinsa daidai.

Wani lokaci ina juya kifi a kan wayar banda, hayaƙi yana shiga idona, sai in ce da na sani na sake faɗa masa, me zai ragu a jikina? Wani lokaci kuma in ce gara haka, ya san akwai abin da ke jiransa. Abin da nake yi dai, in na idar da sallar asuba kafin gida ya tashi, nakan gwada sunan a hankali, ni kaɗai, don kada ranar da ya yi sallama a ƙofa harshena ya ƙi.